Jan Ƙyalle a Jelar Damson

Damson tana harbi. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ita ma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Baƙar goɗiya ce gajera mai faɗin baya, kuma a duk dawakan da muke ɗora baƙi a kansu mu ratsa tuddan Dartmoor, babu mai haƙuri da ɗan Adam kamarta. Ka ɗora mata tsohuwa mai ciwon ƙugu, za ta kai ta ta dawo da ita kamar ta ɗauko ƙwai. Amma wani doki ya kuskura ya kawo hancinsa kusa da jelarta, to ya sha. Tun tana duƙusa wani ingarma ya ritsa ta a lungun shinge ya yi mata kaca-kaca, daga ranar ba ta sake yarda da abin da ke bayanta ba. Ni na yi jinyarta, ni na fara sa mata ragama, ni na fara ɗora mata sirdi, don haka ban taɓa ganin laifinta ba.

Shi ya sa take yawo da jan ƙyalle a jela. Duk wanda ya taɓa riƙe linzami a ƙasar nan ya san abin da ake nufi: wannan tana harbi, ka tsaya nesa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Kuma in muka fita kullum ita ce ta ƙarshe a layi, ba kowa a bayanta sai iska. A haka muka yi shekara da shekaru lafiya lau, zamanin uwar ɗakina Marjorie mai bargar, Allah ya jiƙanta.

Da ta rasu sai ɗanta Giles ya tattaro daga London ya zo ya gaji wurin. Yaron da na share wa majina, na ɗora shi a kan doki yana tsala ihu yana kiran uwarsa, shi ne yau nake ce wa ranka ya daɗe. Ni Tamsin Endacott, da furfurata da kitsona guda har gadon baya. Mai doki ya koma kuturi ke nan. Giles bai san bakin doki ba, bai san hanya ba, amma ya san ɗaukar hoto. Bara da Damson ta ɗan shuri wani dokinmu a wurin shan ruwa, ƙujewar fata kawai, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce in ta ƙara ko sau ɗaya, ta tafi. A sana'armu kowa ya san inda tsohuwar goɗiya mai harbi take tafiya. Akwai wata rufaffiyar mota da ke zuwa da safe, dawakan da ta ɗauka ba sa dawowa.

Tafiyar da nake ba da labari ta ƙarshen bazara ce, baƙi shida, kwana biyu a hanya, kowane dare a wani masauki. Giles ya ce zai biyo mu don ya samo hotuna. A cikin baƙin akwai wata Felicity, mace mai kirki, irin kirkin nan da ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun kafin mu fita ta raba wa kowa alewa, ta gyara wa wani hula, ta tambaye ni ko ina shan magani saboda tarin da nake yi. Tsoron doki take ji, sai na ba ta Damson.

Tana zagayawa ta hango ƙyallen.

"Kai, dubi kwalliya! Wannan jan abin na mene ne?"

Na buɗe baki ke nan Giles ya riga ni.

"Ado ne, Madam. Ai ita ce sarauniyar bargarmu."

Na bar shi har ya shiga ɗakin sirada, sannan na bi shi na rufe ƙofa.

"Ado? Ado ka ce mata?"

"To me zan ce, Tamsin? In ce mata mun ɗora ki a kan mai harbi? Matar da ƙafarta ke rawa tun a mota?"

"Ba ita take harbi ba, dawaki take harbi. Sai ka faɗa mata haka, ba yarinya ba ce."

"Ke matsalarki kin ɗauka kowa a barga aka haife shi. Mutane hutu suka zo yi, ba jin tsoro ba."

"Uwarka ba ta taɓa yi wa baƙo ƙarya a kan doki ba."

"Uwata ta rasu," in ji shi, ya ɗauki hularsa ya fice.

Ranar farko da ta biyu ba abin da ya faru. Muka hau tudu muka sauka, muka bi ta cikin ciyawar da ta fara ja, tumaki suna kallonmu kamar mun ci musu bashi. Da rana mu zauna a gindin dutse mu ci burodi da cuku, mu sha shayin da ya huce, da yamma mu sauka a ƙauye kowa yana tafiya a tattale. Felicity ta kamu da son Damson. Tana yi mata hira duk hanya, tana ba ta labarin mijinta da ya rasu, goɗiyar tana kaɗa kunne kamar tana ganewa. Har na fara cewa a raina wataƙila ni ce mai neman rigima.

A ƙauyen da muka kwana na biyu akwai wani ɗan kanti mai sayar da zare da allura da ƙyallaye.

Da safe na fito da bokitin hatsi, na nufi filin da muka saki dawakan, sai na tsaya cak. Dawaki takwas, jela takwas, jan ƙyalle takwas. An kitsa su tsaf, an ɗaure da kyau, har da nawa dokin, Bishop, wanda ko kare ya cije shi a ƙafa sai dai ya matsa masa. Felicity tana tsaye a bakin ƙofa, takalmanta sharkaf da raɓa, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Tun da asuba na fito! Na ce ai bai kamata a ce tawa kaɗai ce da ado ba, sauran za su ji haushi. Kin ga sun yi kyau?"

Na ajiye bokitin, na zaro almakashi daga jakar sirdi. Ina kama jelar Bishop sai ga Giles da wayarsa a sama, sauran baƙin suna biye da shi suna tafi.

"Tamsin, me za ki yi?"

"Abin da kake gani."

Ya matso ya rage murya. "Ajiye almakashin nan. Matar nan ta tashi cikin sanyi ta yi wannan aiki. Ki yanke a gabanta?"

"Ka san me ka yi? Ka sa dawaki bakwai sun yi ƙarya. Wanda ya gan mu yau, yaya zai san wacce ce ta gaske?"

"Wa zai gan mu? Tumaki?"

"Ba mu kaɗai ne da tudun nan ba, yallaɓai."

"Zuwa abincin rana kawai. In na samu hoto a kan tudu, ki yanke, ki ƙone ma in kin ga dama. Amma in kika taɓa ko ɗaya yanzu, ki haɗa da aikinki ki yanke."

A saman barga nake kwana, a ɗakin da uwarsa ta ba ni. In aka kore ni, ba ni kaɗai aka kora ba, don ranar da na bar gidan nan ba mai tsaya wa Damson. Na mayar da almakashin. Na ce to ni zan hau Damson yau, in tsaya a baya. Ya ce wa zai ja gaba? An yi ruwa cikin dare, kogin da muka saba tsallakawa ya cika, dole mu zaga ta arewa ta bakin taɓo, shi kuwa ko hanyar da muka saba bai iya ba. Gaskiyarsa ce a nan, kuma gaskiyar ta ƙara ƙona mini rai.

Kafin mu hau na je wurin Felicity, na riƙe mata likkafa.

"Madam, ki saurare ni. Kada ki bar wani doki ya matso bayanki. Goɗiyar nan ba ta so."

Ta yi dariya, ta nuna filin da hannu. "Haba Tamsin, wa zai zo a wannan wuri?"

Ɓangaren arewa ba namu ba ne. Mun san mutanen wurin a kasuwar dawaki, mu gaisa mu wuce, amma ba su san dabbobinmu ɗaya bayan ɗaya ba. Wajen hantsi muka shiga wata siririyar hanya, katangar dutse a dama, taɓo a hagu, irin taɓon da ke lulluɓe da koriyar ciyawa yana jiran wawa. Doki ɗaya kawai hanyar ke ɗauka. Ina gaba, baƙi suna biye a warwatse, Giles a tsakiya yana juyi a kan sirdi yana ɗaukar jeloli, Damson can a ƙarshe.

Na waiwaya don in ƙirga su, sai na hango mutum yana gangarowa daga tudun da muka baro, a kan kili, karensa yana gefe. Na gane zamansa a kan sirdi. Hedley Perryman ne, dattijo mai kiwon tumaki a wannan kwarin. Sassarfa yake, da alama wasu tumaki yake bi kafin ruwa ya sake sauka. Na ga ya ɗan ja linzami a kan gangaren, ya tsaya yana kallonmu. Sannan ya saki, ya shigo hanyar.

Na miƙe a kan likkafa na ƙwala ihu. "Baba, tsaya! Tsaya nesa!"

Daga wajensa iska take busowa, ta kwaso muryata ta watsa mini a fuska. Ba wurin juya doki. Na yi wa Giles ihu, ya ɗaga mini hannu wai in dakata, yana ɗaukar hoto. Na diro, na kutsa tsakanin katanga da cikin dawaki ina gudu, ina ture ƙafafun baƙi. Na hango Felicity ta waiwaya, ta ga dattijo, ta yi masa murmushi tana ɗaga hannu. Na ga kunnuwan Damson sun kwanta.

Ƙarar kamar an taka busasshen icce. Har yau in ana faskare a gidan maƙwabta sai na bar wurin.

Hedley ya faɗa cikin laka, ya tashi, bai ko duba jikinsa ba. Kilin yana tsaye a ƙafa uku, ta huɗun tana lilo daga ƙasan gwiwa. Ba wanda ya taɓa kiwon doki da zai tambayi ko za ta gyaru. Dattijon ya rungume kan dokin, yana shafa masa wuya, yana cewa, "Tinker, tsaya, tsaya ɗana, ya isa." Ya daɗe a haka kafin ya ɗago ya dube ni.

"Ke ce Tamsin ta wajen Marjorie."

"Ni ce, Baba."

"Wacce ce mai harbin?"

"Wannan."

"Sauran bakwai ɗin fa?"

Ya bi jelolin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tun daga kan tudu na gan su. Tun ina yaro in na ga jan ƙyalle nake kaucewa. Yau na ga takwas, na ce ba mahaukacin da zai fito da masu harbi takwas, biki ne ake yi. Har ina shirin tambayar wa ake aurarwa."

Felicity ta fashe da kuka. "Ni na sa musu. An ce mini ado ne. Wallahi ce mini aka yi ado ne!"

"Wa ya ce miki?"

Idonta ne ya nuna shi. Giles ya riga ya sauko, wayar ta koma aljihu, fuskarsa ta yi fari fat. Na ɗauka zai ce shi ne ya faɗa mata. Da ya faɗi haka, da wataƙila na yafe masa wata rana. Sai ya gyara murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Goɗiyar nan dama muguwa ce, na sha faɗa. Na yi maka alkawari ba za ta ƙara sati a bargata ba."

Hedley ya dube shi daga hula har takalmi. "Yaro, a duk ayarin nan ita kaɗai ce ta faɗa mini gaskiya. Ku kuka toshe mata baki. Matsa mini daga nan."

Aka kira likitan dabbobi, ya zo a kan babur mai ƙafa huɗu da bindiga a jaka. Na kwashi baƙin na haye da su bayan tudu don kada su gani. Sun dai ji. Damson ta ɗaga kai da ƙarar, sannan ta sunkuya ta ci gaba da cin ciyawa, Felicity tana riƙe da linzaminta tana shessheƙa. A nan na zaro almakashin na bi jela bakwai na yanke, ba wanda ya hana ni. Ihu bayan hari ke nan.

Da muka koma gida na sami Giles a ofishin uwarsa, a kujerarta.

"An bar jaki ana dukan taiki, Giles. Kai ka yi ƙarya, ita za ta mutu?"

"Ta kashe doki, Tamsin. Masu inshora sun ce ba za su tsaya mana ba muddin tana nan. Me kike so in yi?"

"Ka gaya musu yadda aka yi. Ka ce ƙyallenta yana nan, kai ka sa aka ɓatar da shi a cikin bakwai."

"In gaya musu haka su rufe mu gaba ɗaya? Ke da ɗakinki da sauran dawakan duka?"

"Hotunan fa? Sun yi kyau?"

Ya ce in na samo mata wuri kafin motar ta zo, in ɗauke ta, shi ba ruwansa. Baƙin kuwa ya riga ya sallame su da labari mai daɗi, wai za a kai Damson wata gona a bakin teku ta huta. Felicity ta tafi tana share hawaye tana yi masa godiya. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta Giles ta yi 'ya'ya har ta yi jikoki.

Na shiga gari gida-gida. Duk wanda na taɓa taimaka wa da haihuwar goɗiya cikin sanyi, duk wanda na taɓa ara wa sirdi, na buga masa ƙofa. Kowa ya ba ni shayi, kowa ya ce ya san ba laifinta ba ne, kowa kuma yana da dawakansa a fili, ba zai saki wadda ta karya ƙafar doki a cikinsu ba. Labari ya riga ni isa ko'ina, kuma a labarin ba a maganar ƙyalle takwas, goɗiyar Marjorie kawai ake cewa ta kashe kilin Hedley. Daga ƙarshe na cire kunya na tuƙa har kwarin arewa, don a duk Dartmoor mutum ɗaya na sani da ke da fili babu doki a ciki.

Na sami Hedley yana gyaran katanga. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ajiye dutsen da ke hannunsa.

"'Yata, na san ba ita ba ce. In kotu za a je, zan tsaya in faɗa. Amma a hannuna aka haifi Tinker. Kada ki sa in buɗe taga da safe in ga wadda ta karya shi tana cin ciyawarsa. Ba zan iya ba."

Ban ji haushinsa ba. Haushin da nake da shi duka yana da mai shi.

Motar ta zo da safe, ranar da sababbin baƙi za su iso. Giles ya shige ofis ya ja labule. Na yi wa Damson wanka, na taje mata geza, na ba ta tuffa biyu, na fito da ita da kaina. Direban, wani Denzil, mun san juna tun muna yara. Yana saukowa ya hangi jelarta, sai ya yi baya ya zaga ta nesa.

"Tana harbi?"

"Tana harbi."

"To madalla da kika sa mata. Wasu ba sa faɗa."

Ta hau motar ba gardama, don ni na ja ta, kuma ban taɓa kai ta wurin da zai cuce ta ba. Denzil ya kama ƙofa zai rufe, sai ya tsaya.

"Ki cire ƙyallen, Tamsin. Inda za ta ba mai bin bayanta."

Na kwance shi. Tsohon ƙyalle ne, rana da ruwa sun cinye jansa, gashinta biyu-uku suna maƙale a ƙullin. Na tsaya har motar ta fita ƙofa ta sha kwana. Sannan na jawo kitsona gaba, na ɗaure shi a ƙarshensa da ƙulli biyu, na mayar da shi baya. Na ɗauki buroshi na hau goge Bishop, don baƙi sun fara sauka daga motocinsu.

Na ji an buɗe ƙofar ofis, na ji takun Giles a kan tsakuwa yana nufo ni ta baya.

"Tamsin, ni ma fa abin nan ya dame ni, kada ki ɗauka..."

Takun ya tsaya. A inuwarsa da ke jikin bango na ga hannun da ya miƙo zai dafa kafaɗata ya tsaya a sama. Sannan inuwar ta ja da baya.

Wata baƙuwa mai sabuwar hula ta matso tana murmushi, ta nuna bayana ta tambayi Giles.

"Kai, wannan jan abin da ke gashinta fa? Ado ne?"

Ban waiwaya ba, ban daina goge dokin ba.

"Faɗa mata mana, ranka ya daɗe."